Mu Ba Baƙi Ba Ne a Tafkin Volta



Tun bayan ƙaramar Sallah ake ta ja-in-ja a majalisunmu kan wata sabuwar ɗabi'a da ta shigo mana. 'Ya'yanmu da Allah ya buɗa wa hanya, musamman masu aiki a Ankara da Kumasi da waɗanda ke Turai, sun fara ɗaukar iyayensu suna kai su masaukai na bakin ruwa, wasu ma can tsakiyar ruwa a kan tsibiri, a yi kwana biyu ko uku babu biki, babu ta'aziyya, babu ganin likita, zama kawai da shan iska. Hotunan kuwa suna dawo mana ta waya: Hajiya da mayafinta a cikin kwalekwale, Alhaji da carbinsa a inuwar kwakwa yana kallon ruwa. Wasu suna sa albarka. Wasu suna cewa almubazzaranci ne da kwaikwayon Nasara, wai Bahaushe bai gaji tafiyar da babu riba babu lada ba. Ni aikina rubuta wa dattawa wasiƙa ne da ajiye abin da aka zartar, ba kasafai nake tsoma baki ba. Sai dai wannan magana ta shafi lafiyar iyayenmu, ta kuma shafi wani tarihi namu da muke gab da mantawa, saboda haka zan faɗi nawa ra'ayin, da bakina ni kaɗai, ba da bakin majalisar da nake yi wa hidima ba.

Ra'ayina shi ne a je. A je kuma tafkin Volta musamman, domin muna da rabo a cikin ruwan nan wanda yawancinmu ba su san da shi ba. Amma kafin in kai ga tafkin, bari in fara da masu cewa hutu ɓarna ne.

Gaskiya ne mu jikokin fatake ne. Kakanninmu sun taso daga Kano da Katsina da Kabi da jakuna, wata biyu wata uku suna bisa hanya, su kawo kanwa da tufafi da jima, su koma da goron Gwanja. Ba su san tafiyar banza ba. To amma mu tambayi kanmu ma'anar sunan da muke kiran unguwarmu da shi. Zango shi ne inda ayari ke sauke kaya, a kwance wa jaki mangala, a shayar da shi, mutum ya miƙe ƙafa ya gyara takalmi. Madugun da ya hana ayarinsa yada zango ba zai isa Salaga da rabin dabbobinsa ba, kuma shekara mai zuwa ba wanda zai bi shi. Mu muka gaji sunan, muka yar da aikinsa. Ku dubi iyayenmu mata masu koko da ƙosai da masu dafa wake da shinkafa: ƙarfe uku na dare sun hura wuta, haka shekara talatin, damina da hunturu da zafin bazara da kan kai ma'aunin 40 a garin nan. Ku dubi mahauta da dillalan shanu da masu rumfa a Aboabo. Da yawansu hutun farko da suka taɓa yi a rayuwarsu a kan gadon asibiti suka yi shi, bayan hawan jini ko ciwon sukari ya kayar da su, sa'annan 'ya'ya suka zo suna kashe kuɗin da da an kashe ushirinsa tun da wuri watakila ba a kai nan ba.

Ta fuskar addini ma ban ga inda hujjar masu hani take ba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san labarin Salmanul Farisi da ɗan'uwansa Abud Darda'i, Allah ya yarda da su, yadda Salmanu ya tarar ɗan'uwansa ya hana kansa abinci da barci saboda ibada har iyalinsa sun shiga damuwa, ya matsa masa ya ci ya kwanta, kuma da magana ta je gaban Manzo, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Salmanu aka gaskata. Idan nafila ba ta zama uzurin azabtar da jiki ba, ina ga rumfar kasuwa? Batun almubazzaranci kuwa, ni ne nake rubuta lissafin bukukuwa da yawa a unguwar nan, na san abin da kayan yayi ke ci a aure guda, na san shanun da ake yankawa a adu'ar arba'in da buhunan shinkafa da kujerun haya. Ban taɓa jin an kira wannan kwaikwayon Nasara ba. Mukan ciyar da ɗaruruwan mutane da sunan tsohon da bai taɓa ganin kwana uku a jere ba tare da ƙarar babur a kunnensa ba.

Na ga amfanin abin da idona. Bara, wajen ƙarshen hunturu, Maigidana ya tashi daga wata jinya, likita ya ce a nisanta shi da jama'a na 'yan kwanaki, abin da ba ya yiwuwa a zaurensa, inda tun bayan Asuba masu ƙara da masu neman sasanci suke layi. Babban ɗansa ya shirya tafiya, aka ce in bi don riƙon jaka da lura da lokacin magani. Muka tashi a jirgin sama zuwa Ankara, sa'a guda, mota ta kai mu ɓangaren Akosombo, daga nan kwalekwale mai inji ya tsallakar da mu wani ɗan tsibiri. Ɗakunan na katako ne da jinka, wutar daga hasken rana ake tara ta, kowane gado da gidan sauronsa. Abin da ya fara ba ni mamaki shirun wurin. Mutumin Tamale bai san yawan hayaniyar da yake ɗauke da ita a ka ba sai ranar da ya rasa ta: ba keken yalo-yalo, ba injin niƙa, ba lasifikar mai tallan magani. Wayar Maigida, wadda ba ta minti goma ba ta yi kuka ba, sai mutum ya hau wani dutse a bayan ɗakuna kafin ta samu hanya, shi kuwa ya rantse ba zai hau ba.

Da yake niyyarmu kwana uku ce, ba ta kai kwana huɗun da ke yanke hukuncin tafiya a mazhabarmu ba, ƙasaru muka yi ta yi. Na fito da waya ina neman alƙibla, Maigida ya dubi rana ya shimfiɗa buzunsa, kafin wayar ta gama juye-juyenta ya tayar da iƙama, kuma inda ya fuskanta nan ta nuna. Ya yi ƙailula tun bayan Azahar har La'asar, abin da iyalinsa suka ce rabonsa da shi tun kafin a naɗa shi. Da yamma a kawo karfasa gasasshiya da banku da barkono, mu zauna a kan dandamalin katako muna kallon belbelu suna komawa makwanci da fitilun masunta suna kunnuwa ɗaya bayan ɗaya. Ƙafarsa da ta kumbura ta saɓe. Duk kuɗin da aka kashe mana a masaukin bai wuce na sa guda ba.

A daren na biyu ne ya daɗe yana kallon ruwa, sa'annan ya ce mini, “Malam, ka san a bakin me muke zaune?” Na ce, “Allah ya ja zamaninka, tafkin Volta.” Ya ce, “Ruwan nan shi ya ci gidan da aka haifi mahaifiyata.” Tsohon garin Kete yake nufi, wanda ke can arewa nesa da inda muke, amma ruwan ɗaya ne. Wannan ita ce maganar da ta sa na ɗauki alƙalami.

Yaranmu da yawa suna ɗauka tafkin nan halittar Allah ce tun fil azal, kamar Bosomtwe na kusa da Kumasi. Ba haka ba ne. Akwai mutane a unguwar nan da suka girme shi. A 1961 gwamnatin Kwame Nkrumah ta kafa Hukumar Kogin Volta, aka fara gina madatsa a mashigin duwatsun Akosombo da rancen Bankin Duniya da Amurka da Ingila, kamfanin Italiya ne ya yi ginin. A 1964 aka tare kogin ruwa ya fara taruwa, aka gama aiki a 1965, Nkrumah ya buɗe madatsar a watan Janairu na 1966, wata guda bayan haka sojoji suka kifar da shi. Ruwan da ya taru ya rufe kimanin murabba'in kilomita 8,500, fiye da kashi 3 cikin 100 na ƙasar Ghana duka, ya miƙe tun daga Akosombo har Yapei da ke nan bayan gidanmu, wajen kilomita 400. Garuruwa da ƙauyuka sama da 700 suka nutse. Mutum kimanin 80,000 aka tasa, aka gina musu matsugunai 52, gidaje masu ɗaki guda da alkawarin kowa zai ƙarasa nasa. Wutar da aka yi duk wannan dominta, kaso mafi girma a shekarun farko kamfanin narka alminiyam na VALCO da ke Tema ne ya sha, a farashi mai rahusa. Mu nan arewa sai a ƙarshen shekarun 1980 layin wutar Akosombo ya iso mu, alhali ruwan da ke juya injinan ta ƙasarmu yake bi, ta Farin Volta da Baƙin Volta da Oti.

Cikin garuruwan da suka nutse har da tsohon Kete-Krachi. Gari biyu ne a haɗe: Krachi ta 'yan ƙasa, masu tsafin Dente da ya shahara har ƙasar Tonawa, da Kete ta fatake Musulmi, wato zango. Kete ta bunƙasa ne sakamakon faɗuwar Salaga. Bayan Ingilishi sun ƙone Kumasi a 1874 hanyar goro zuwa Salaga ta raunana, sa'annan yaƙin basasar 1892 tsakanin gidajen sarautar Kpembe ya watsa garin mai rijiya dubu. 'Yan kasuwa da malamai suka fantsama, wasu Kintampo, wasu Yeji, wasu Kumasi, da yawa kuma suka gangara Kete, inda gishirin Ada ke hauhowa ta kogi cikin kwalekwale ya haɗu da shanu da kayan arewa. Jamusawa suka kafa bariki a wurin a 1894, suka zauna har yaƙin 1914 ya kore su.

A wannan Kete ne Alhaji Umaru ɗan Abubakar ya yi mafi yawan rayuwarsa ta malanta. An haife shi a Kano wajen 1858, asalin gidansu Kabi, ya biyo hanyar fatauci har Salaga, bayan yaƙi ya koma Kete ya zama limaminta, a can ya rasu a 1934. Ban san malamin da zangunan Ghana suka fi ci daga tukunyarsa ba. Ya yi waƙe da Larabci da Hausa kan zuwan Nasara, da kan yaƙin Salaga, da kan talauci da wadata, da kan annobar mura ta 1918. Ya rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich labaran ƙasar Hausa da sana'o'inta waɗanda masana tarihi ke dogara da su har yau. Ni kuwa a sana'ata ina da wata alaƙa ta daban da shi, domin tun yana matashi ya wallafa littafi kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa, yadda ake buɗe ta ga sarki da yadda ake buɗe ta ga aboki. Duk magatakardan da ya taɓa rubuta wa wani dattijo takarda a zangunan nan almajirinsa ne ko bai sani ba. Almajiransa na zahiri kuma sun bazu Kumasi da Ankara da Yendi da nan Tamale, kuma idan ka bi salsalar karatun malamanmu da yawa za ka tarar ta ratsa ta zaurensa.

To, zauren nan, da masallacin da ya yi limanci, da kasuwar gishiri, da lungunan da almajirai suka bi da allunansu, duk suna ƙarƙashin ruwa. Garin Kete-Krachi na yau, a jihar Oti, sabon gari ne da aka gina a kan tudu. Wani abin lura shi ne, a shekarun da ruwa ke hauhowa, a su ne Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon take bin gidajen malamai tana ɗaukar hoton rubuce-rubucen Larabci da ajami, aikin da Ivor Wilks da Alhaji Usmanu Boyo suka yi wa hidima. Da yawa daga waƙoƙin Alhaji Umaru ta wannan hanya suka tsira. Takarda an iya ɗauke ta. Gari ba a iya ba.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba mu kaɗai muka yi hasara ba, ba mu ne ma muka fi yi ba. Mutanen Krachi da Nchumuru da Gwanjawa da Ewe da Kwahu da Akwamu sun rasa gonakin kakanninsu da kaburbura da wuraren bautarsu, kuma su ƙasar tasu ce tun asali, mu zuwa muka yi aka ba mu masauki. Abin da nake cewa kawai shi ne, a cikin kuɗin da aka biya aka sayi tafkin nan akwai namu. Saboda haka idan Bahaushen Tamale ya sauka a wani tsibiri ya ga Turawa da manyan ma'aikatan Ankara sun baje a kujeru, kada ya ji kamar ya shiga gidan da ba a gayyace shi ba, kada kuma wani a gida ya ce masa ya je yawon da ba na iyayensa ba. Iyayensa sun riga kujerun zuwa wurin.

Yanzu bari in ba masu hani haƙƙinsu, domin a cikin maganarsu akwai gaskiya. Yawancin masaukan nan ba don mu aka gina su ba. Akwai mashaya, akwai kiɗa a ƙarshen mako, akwai masu wanka da shigar da ba za ka so mahaifiyarka ta gani ba. Wanda zai kai tsohonsa ya yi tambaya tun kafin ya biya: a tsakiyar mako ya fi, a nemi ɗaki nesa da mashaya, a tsaya kan kifi idan ba a san wanda ya yi yanka ba, a tafi da buta da dadduma. Jirgin shaƙatawa na Dodi Princess da ke kai mutane tsibirin Dodi daga Akosombo, wanda na farkonsa ya ƙone a 2012 aka kawo na biyu, yawon yini guda ne da makaɗa da taron jama'a. Ya dace da matasa da 'yan makaranta, amma wanda ke neman shiru ga mai jinya ba can zai nufa ba.

Na biyu, ruwan nan ba abin wasa ba ne. Da aka tare kogi ba a sare dajin da zai nutse ba, don haka har yau kututturan itatuwa suna tsaye a ƙarƙashi, wasu kawunansu a waje kamar masu, wasu a ɓoye dab da fuskar ruwa. Su ne ke huda kwalekwale, musamman idan an yi masa lodin da ya wuce kima ko hadari ya taso da yamma. An sha yin hasarar rayuka, kuma masu shekaru za su tuna abin da ya faru a watan Afrilu na 2006, lokacin da jirgin da ke ɗauke da mutanen da aka kora daga wani tsibiri a gandun dajin Digya ya kife. Duk mai kwalekwalen da bai ba ka rigar kariya daga nutsewa ba, kada ka shiga, ko da ya rantse maka da kakansa. Kada kuma Alhaji ya ce rigar za ta ɓata masa babbar riga. Sa'annan akwai tsargiya, wato fitsarin jini, wadda ta yaɗu ƙwarai a ƙauyukan bakin tafkin bayan ruwan ya tsaya cik, domin dodon koɗin da ke ɗauke da ita yana son ruwa marar gudu mai ciyayi. A yi kallo, a sha iska, amma a hana jikoki faɗawa ciki, alwala kuma a yi ta da ruwan famfo.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, kuma shi ne masu hani ba su ambata. Da sassafe idan ka leƙa daga tagar masauki za ka ga kwalekwalen masunta, a cikin wasu kuwa akwai yara ƙanana, ɗaya yana kwashe ruwa da ƙwarya, ɗaya yana jan taru. Wasu 'ya'yan masu jirgin ne suna koyon sana'ar gidansu, wannan ba laifi idan suna zuwa makaranta. Wasu kuwa an karɓo su ne daga iyaye matalauta a kan 'yan kuɗi, su ake tura wa su nutse su kwance taru idan ya sarƙe a kututture, kuma ba duka ke fitowa ba. Ghana ta yi dokar hana fataucin mutane a 2005, ana kuma kamawa, amma abin bai ƙare ba, kuma sunan Yeji da Krachi na yawan fitowa a labarinsa. Mu da tarihin Salaga ke wuyanmu, da kasuwar bayinta da kakannin wasunmu suka ci riba a ciki, ba mu da damar kawar da kai. Mai hutu ya tambayi masu masauki daga hannun wa suke sayen kifi. Tambaya ce ƙarama, amma idan baƙo goma suka yi ta, mai masauki zai fara yi wa masuncinsa ita.

Duk waɗannan dalilai ne na a tafi da ido buɗe. Ban ga wanda ya isa ya zama dalilin zama a gida ba a cikinsu. Hasali ma sun kai ni ga abin da nake ganin ya fi komai muhimmanci a wannan magana, wato tambayar me ya sa sai mun bi ta Ankara kafin mu huta a bakin ruwan da ke ƙofar gidanmu.

Ku duba taswira. Yapei, wadda Turawan mulki suke kira tashar jirgin Tamale, ba ta kai tafiyar sa'a guda daga nan ba. Buipe, inda jiragen dakon mai da siminti ke sauke kaya, tana kan hanyar Kumasi da muke bi kullum. Idan ka bi ta Salaga ka gangara Makango, ga ruwa shimfiɗe har inda ido ya tsaya, ga jirgin fito yana tsallakawa Yeji. Ta Kpandai kuma ka isa Kete-Krachi kanta, inda ruwa ya kewaye gari ta kusan kowane ɓangare, da tsibirai a gabansa. Amma masaukan da ake yayatawa kusan duk suna kudu, a Akosombo da Atimpoku da Ada. Namu ɓangaren an bar shi ga buhunan doya da gawayi da busasshen kifi. Attajiranmu kuwa, Allah ya ƙara musu, kowa gidan mai yake ginawa ko jerin shaguna, har wani titin sai ka ƙirga gidan mai biyar kafin ka ga makaranta ɗaya.

Ina da yaƙinin cewa masauki mai ɗaki goma ko sha biyu a bakin ruwa wajen Makango ko Krachi, mai ɗan masallaci da mahauci Musulmi da ɓangaren iyali, babu mashaya, da kwalekwale mai rigunan kariya da matuƙin da ya san inda kututture yake, ba zai rasa baƙi ba. Zangunan Kumasi da Techiman da Ankara cike suke da mutanen da ke da kuɗin hutu amma ba su da inda za su kai matansu hankali kwance. Ba na cewa abu ne mai sauƙi. Hanyar Salaga kowa ya san halinta da damina. Ruwan tafkin yana hawa yana sauka. A 2023 ya cika har hukuma ta buɗe ƙofofin Akosombo, Mepe da garuruwan Tongu suka nutse, Buipe ma ta sha ambaliya ba sau ɗaya ba, don haka mai gini sai ya tambayi tsofaffin wurin iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa, ya ja baya daga nan. Ƙasa kuma tana da masu ita. Sai an je gaban sarakunan Gwanja ko na Krachi da goro da ladabi, kamar yadda kakanninmu suka yi kafin su kafa ko da bukka, a kuma ɗauki 'ya'yansu aiki, kada a maimaita abin da ake yi a wasu wurare inda ɗan gari ba ya shiga sai da tsintsiya.

Irin wannan masauki zai yi wani aiki da na Akosombo ba zai iya ba. Daga Makango, Salaga na nan kusa: a kai yara su ga rijiyoyin, su ga inda kasuwar bayi ta ci, a gaya musu gaskiyar abin da ya faru ba tare da ƙawa ba. Daga Krachi a shiga kwalekwale da wani dattijon gari ya nuna da hannu ya ce, nan ƙarƙashi kasuwa take, can masallaci. Makarantunmu na Islamiyya da ke kai ɗalibai yawon ƙarshen shekara gandun dajin Mole su ga giwaye, babu laifi, amma ɗalibin da ya haddace sunayen malaman Bagadaza da Ƙairawan bai taɓa jin sunan Alhaji Umaru ba, akwai gyara a karatunsa.

Lokaci kuma ba ya jiranmu a nan. Wanda yake da shekara goma lokacin da ruwa ya fara hawa a 1964 yau ya haura saba'in. Su ne na ƙarshe da suka taka lungunan tsohon Kete da ƙafarsu, suka san gidan wane yana dab da na wane, suka ga yadda aka kwashe kaya da littattafai aka hau tudu. Akwai su a Tamale, akwai su a Salaga da Yendi da Bimbila, galibi tsofaffin mata ne da aure ya kawo su, ba wanda ya taɓa tambayarsu komai. Ga 'ya'yanmu masu niyyar kai iyaye hutu bana, roƙona shi ne, wanda tsohuwarsa 'yar Kete ce ya kai ta can ɓangaren ko da masaukin bai kai na kudu kyau ba, ya zaunar da ita a bakin ruwa da yamma, ya kunna na'urar ɗaukar murya ta wayarsa ya bar ta ta yi magana. Wanda kuma yake da wata tsohuwar takarda ta ajami ko wasiƙa da ta fito daga Kete a cikin adakar gidansu, ya kawo mini zaure bayan La'asar, kowace rana ban da Juma'a. Zan ɗauki hotonta a gabansa, in karanta masa abin da ke ciki idan rubutun ya yi masa wuya, ya koma da abarsa gida.